Baƙin Ƙasan Idon Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata direba ya kawo miki takardar nan kina lafiya, ke da maigidan da yaran, da aikin shagon hoto. Mu nan da sauƙi za a ce, tunda haka aka saba cewa. Inna tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko ciwon wuyan nan na zaman kwamfuta ya sake ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san ɗakin nan ɗaya ne, gadon Inna a jikin bango, katifata a ƙasa, kuma tun da ɓarin jikinta ya shanye kunnenta ya ƙara kaifi. Duk abin da na faɗa a waya tana ji. In na fita baranda ta ƙwala mini kira. Shi ya sa duk ranar da kika kira kike jina ina ta "lafiya lau, lafiya lau" kamar aku.

Ba lafiya lau ba ne. Yau sati uku Inna ba ta cin abin kirki, cokali uku ko huɗu sai ta kau da kai. Tana susar jikinta da hannun mai lafiyar har ta ji wa kanta ciwo a wuya, na yanke mata farce har ba abin yankewa. Fitsarinta ya koma kalar shayi. Farin idonta ma ya canja. Ni ban san sunan abin ba, amma na san ba haka idon uwata yake ba. Ina nan ina juya ta duk bayan awa biyu kamar yadda aka koya mini don kada bayanta ya yi gyambo, wata goma sha huɗu ke nan tun da na ajiye koyarwa na dawo wurinta.

Na ce mu je asibiti, ta ce ba inda za ta sai ɗanta, Yaya Babba, ya zo ya duba ta da kansa. Wai ita da ta haifi malamin asibiti, shekararsa ashirin yana aiki, ba za ta kwanta yara su yi ta koyon aiki a jikinta ba. Na kira masu motar asibiti, suka hawo har hawa na uku da gadonsu. Ta riƙe ƙarfen gado tana kuka, suka ce ba sa ɗaukar mai hankalinsa da ƙarfi, suka sauka.

Yaya Babba kuwa kin san yadda muke. Tun bara da na tayar masa da hankali, ya yi tafiyar yini guda ya tarar da Inna a zaune tana dariya, ya sa mini suna Ƙararrawa ya daina buɗe saƙona. Na tura masa hotuna har uku, suna nan ba a buɗe ba. In ya kira Inna ranar hutunsa sai ta gyara murya ta ce masa har ƙiba ta yi, shi kuma ya yarda, don abin da yake son ji ke nan.

To ga roƙona, guda ɗaya ne. Jiya na turo miki hoto a waya, ni da Inna. Ki wanke shi babba a shagonku, ki kai masa har gida, ki sa masa a hannu, ki tsaya a kansa har sai ya duba. Gari ɗaya kuke, kuma ke yana jin maganarki. Kallo ɗaya zai yi wa fuskar Inna ya gane abin da ni na kasa ganewa. Ba na neman komai a wurinsa illa ya zo ya ce mata, "Inna, tashi mu je." Shi kaɗai za ta bi.

Tsoro nake ji, Yaya. Ki gaishe mini da yara.

Ƙanwarki,
Auta


Autar Inna,

Na amsa gaisuwa, ga tawa ninki biyu. Mu nan kowa ƙalau, sai 'yar ƙaramar da ta yi mura, ita ma ta warware. Ki ce wa Inna wuyan ya yi sauƙi tun da mai shago ya kawo mini kujera mai juyawa. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Auta, na buɗe hoton nan a kan babban allon shago, ga abokan aiki a bayana. Wallahi sai da na rufe shi da sauri. Me kika yi wa fuskarki? Ƙasan idonki kamar an goga miki gindin tukunya. Mai ɗaukar hotonmu ya leƙo ya ce, "Wannan yayarki ce?" Ni da na ba ki shekara tara. Kunya ta sa na ce masa mai aikin gidan Inna ce. Ki yi haƙuri, amma ke kika jawo. Shekara talatin da ɗaya kin mayar da kanki mujiya, wa zai kalle ki a haka?

Ga abin da za ki yi, kuma ki bi shi daki-daki, ban da taurin kan nan naki. Ki sa cokali biyu a firji, da safe ki kifa bayansu a kan idanunki har su huce. Ki yanka kokwamba siriri, ki ɗora, ki kwanta minti goma sha biyar ba motsi. Ganyen shayin da kika gama da shi kada ki zubar, ki bari ya yi sanyi, ki naɗe a ƙyalle ki riƙa dannawa. Ki rage gishiri, ki yawaita ruwa, ki daina murza ido kamar yarinya. Man da na sako miki a kwali ɗan mitsitsi ake ɗiba, da yatsan da ke bin ƙaramin, don shi ne ba shi da ƙarfi, kuma dangwalawa ake yi, ba gogawa ba. Uwa uba barci. Awa takwas, Auta, ba ragi. Duk matan da ke zuwa shagonmu haka nake gaya musu, kuma suna dawowa su yi mini godiya.

Maganar Inna kuwa, tsufa ne da zaman wuri ɗaya. Ƙaiƙayin bushewar fata ce, ki riƙa shafa mata mai bayan wanka. Wanda ba ya motsi ina zai ji yunwa? Ke dai tun kina ƙarama kin faye zuzuta abu, ba banza Yaya Babba ya raɗa miki sunan nan ba.

Duk da haka saƙonki na isar. Na wanke hoton, na kai masa har falo ranar Lahadi, na tsaya a kansa kamar yadda kika ce. Ya daɗe yana kallo, ya yi murmushi, ya ce rabon da ya ga Inna ta yi kyau haka tun kafin ciwon. Har cewa ya yi ashe Ƙararrawa tana ƙoƙari. Kin ga na samo miki yabo a bakin da bai saba yabo ba. Ya ce hutunsa sai nan da wata biyu, da ya samu zai zo. Hoton yana kan teburin falonsa yanzu haka.

Na wanke na biyu na sa a firam, yana ƙasan kwalin, na naɗe shi da tawul don kada direba ya fasa. Ki rataye wa Inna inda za ta riƙa gani. Yini guda na ɓata a kansa, ko abincin rana ban ci ba, sai ki san irin godiyar da za ki yi.

Yayarki mai son ki


Yaya,

Ga gaisuwa, don Inna ta koya mana ba a fara magana babu ita. Ina fata kuna lafiya. Mu ba mu da ita. Jiya Inna ta yi amai sau biyu, ƙafafunta kuma sun fara kumbura.

Na warware tawul na ga wasu mata biyu da ban sani ba. Kin cike wa Inna kumatu. Kin goge tabon susar da ke wuyanta. Kin mayar da farin idonta fari tas kamar na jariri. Ni kuma kin share mini ƙasan ido, kin sa mini haske a goshi, har leɓena da ya tsage kin ɗinke shi. Wannan kika kai wa Yaya Babba? Wannan kika tsaya a kansa har ya duba? Na zauna a bakin katifa da firam ɗin a cinyata, na rasa kuka zan yi ko dariya, sai na yi duka biyun a cikin tawul ɗinki don kada Inna ta ji.

Na san aikinki ke nan. Shekara goma sha biyu kina zaune kina goge wa mutane ƙuraje da tamoji, kin sha yi mana alfahari cewa ba fuskar da ke barin teburinki sai kin taɓa ta, ko da ta fasfo ce. Amma Inna ba kwastoma ba ce. Idon nan da kika faranta, saboda shi aka ɗauki hoton. Sau shida na ɗauka kafin ta buɗe shi yadda za a gani.

Kin ce awa takwas ba ragi. Wa zai juya Inna a cikin awa takwas ɗin, cokalin firji? Kokwambar na gwada, don kada ki ce na raina ilminki. Na kwanta minti huɗu ta kira ni in kawo mata fo na fitsari. Na miƙe a guje, yanka ɗaya ya faɗa ciki, ɗayan na same shi da yamma a manne a wuyan rigata. Baƙin nan ba cuta ba ne, Yaya, rabonku na jinyar ne, ke da Yaya Babba, ya taru a fuskata. In da gaske kina so ya tafi, ki zo ki yi kwana bakwai a katifar nan, ni in je in zauna a kujerarki mai juyawa.

Da kika ce wa abokin aikinki ni mai aikin gidan Inna ce, ba ki yi ƙarya ba. Kuskurenki ɗaya, mai aiki tana da ranar hutu.

Ga ɓarnar da ba ki sani ba. Inna ta ga firam ɗin kafin in ɓoye shi. Ta sa na rataye shi a bangon da ke kallon gadonta. Kin san tun da bakinta ya karkace ta sa aka fitar da madubi daga ɗakin, rabonta da ganin fuskarta ya fi shekara. Yanzu ta samu madubi. In na ce asibiti sai ta ɗaga hannun mai lafiyar ta nuna bango ta ce, "Dubi fa. Wannan ce marar lafiya?" Da ina faɗa da taurin kanta ne kawai, yanzu ina faɗa da taurin kanta da gwanintarki.

Na sake turo miki hoton na ainihi. Ki wanke shi yadda yake, da baƙinsa da raminsa. Ki ɗaure hannunki a baya in ya kama, kada ki taɓa ko gashin gira. Ki kai masa ranar da takardar nan ta same ki, ki ce masa wancan ke kika gyara. Na haɗa ki da Allah.

Auta


Auta,

Ina gaishe ki, duk da takardarki ba ta cancanci amsa ba. Kwana goma sha biyu na bar ta a jaka don in huce. Lafiyarmu ƙalau, aiki ne dai ya taso mu a gaba, lokacin hotunan 'yan makaranta masu fita ne, fuska ɗari huɗu a kaina kuma kowace uwa tana so ɗanta ya fi na kowa. Ki gaishe da Inna, Allah ya sawwaƙe mata.

Bari in koya miki abin da ba ki sani ba, tunda ke yara kika koyar, ba hoto ba. Ƙwan fitilar ɗakin Inna mai haske rawaya ne, ni na saye shi da hannuna zuwana na ƙarshe. Duk hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin irinsa, fari sai ya fito rawaya, haƙori ne, ido ne, riga ce. A rana ina gyara irin wannan ya fi sau ashirin. Abin da kika gani a idon Inna fitila ce. Ban goge cuta ba, haske na daidaita. Kumatun na yarda na ɗan ƙara, don ba zan bari a ga uwata a allon shago kamar wadda ba ta da kowa ba.

Sannan ki sa kanki a matsayina. In koma wurin Yaya Babba in ce masa wancan na ƙarya ne, ga na gaskiya? Ya riga ya nuna wa matarsa, ya kai wurin aiki ya nuna wa abokansa. Kin san bakinsa. Zai wanke ni tas a gaban matar nan, ita kuwa dama jira take ta ga ranar. Ba zan zubar da mutuncina a falon wata don ke kin ga rawaya a ido ba. Saura sati biyar ya zo, zai gan ta da idonsa, kowa ya huta.

Kuma bari in faɗa miki gaskiya a matsayina na yayarki. Kina jin daɗin baƙin idon nan. Kin mayar da shi tuta, kina so duk wanda ya gan ki ya ce Auta ce mai wahala, sauran ba su da imani. Shi ya sa da na goge shi kika fi jin haushi fiye da komai, kamar na ƙwace miki lambar yabo. Ba wanda ya ce ki ajiye aikinki. Ke ba miji, ba 'ya'ya, zaman ya fi zuwar miki da sauƙi, kowa ya san haka, ni ce dai nake iya faɗa. Ni ina da yara uku da mai shagon da ba ya jin uzuri. Mata nawa ne suke jinya kuma su fito tsaf, ba wanda zai san abin da ke ɗakinsu?

Man kina shafawa kuwa? Sai an yi sati huɗu ba fashi ake ganin aikinsa, kada ki yi kwana uku ki ce na banza ne. Na ƙaro miki hoda mai rufe duhu, kalar da ta ɗan fi fatarki haske, haka ake zaɓenta. Ki shafa ranar da Yaya Babba zai zo, kada ya shigo ya ɗauka ke ce marar lafiyar.

Ki iya bakinki a takarda ta gaba.

Yayarki


Yaya,

Ina gaisuwa. Inna ta fara rikicewa. Tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, tana tambayata ko Baba ya dawo daga aiki. Tafin hannunta ma ya bi idon.

Ƙwan fitilar da kika saya ya mutu tun wata biyar da suka wuce, na sa fari. Hoton kuma da hantsi na ɗauka, a bakin taga, fitila a kashe. Ki buɗe na ainihin a babban allonki, ki dubi rigar filon da ke gefen kuncin Inna. Fara ce, kuma fara ta fito. Ki dubi farin idona ni, ja ne, ba rawaya ba. Ke da kika san hoto, ki gaya mini wace fitila ce take zaɓen idon mutum ɗaya a cikin ɗaki.

Na ari wayar maƙwabciya na kira Yaya Babba. Da ya ji muryata ya ce ya ga hoto, in bar shi yana kan aiki, ya kashe. Maganata ba ta kai hotonki nauyi ba.

Ba zan sake rubuto roƙo ba, ba ni da lokacin.

Auta


Auta,

Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Mun dawo gida lafiya tun ranar Talata, yara suna gaishe ki. Ni dai ba na jin daɗin jikina, abinci ba ya shiga. A can na kasa yi miki magana, masu gaisuwa sun yi yawa, ke kuma ba ki ɗaga kai kin dube ni ba ko sau ɗaya.

Ina so ki san na duba filon. Ranar Litinin takardarki ta zo, na jira aka fita cin abinci, na buɗe hoton, na ƙara girmansa har idon Inna ya cika allo. Filon fari ne. A ranar na wanke shi yadda yake na sa a ambulan. Talata na je ƙofar gidan Yaya Babba, na ga motar baƙi, na juyo. Laraba aiki ya riƙe ni. Alhamis na kai masa asibiti. Bai yi minti ɗaya yana kallo ba ya tambaye ni yaushe aka ɗauka, na ce wata guda da 'yan kwanaki. Ya ce ciwon shawara ne mai tsanani, hanta ce ta taɓu, kuma da wannan ya gani tun farko da a ranar zai kama hanya. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Muna cikin mota ni da shi, a hanyar zuwa, ranar Juma'a da hantsi kiranki ya shigo.

Na yi kuskure, na yarda. Amma Auta, ba ni kaɗai ba ce. Yaya Babba ne ya daina buɗe saƙonki, ba ni na ce ya daina ba. Ke kuma kina ɗaki ɗaya da ita. Da kin tara maƙwabta an sauko da ita ko tana kuka, da yanzu wani zancen ake. Shi da kansa ya ce mai yiwuwa ko an kai ta ba za ta tashi ba. Kwana ne ya ƙare, kada mu ɗora wa juna abin da ba mu da iko a kansa.

Roƙona ɗaya, kada dangi su ji maganar gyaran hoton. Gwaggo ta ga na firam ɗin ta yi ta kuka, ta ce shi ne hoton Inna na ƙarshe, in wanke wa kowa nasa. Na ce to, me zan ce? Ki bari su tuna ta a haka. Yaya Babba ba zai faɗa ba, don shi ma yana da nasa a ciki, saura ke.

Na lura a wurin zaman gaisuwa idonki ya ƙara duhu, mata suna ta satar kallonki, har wata ta tambaye ni ko ke ma ba ki da lafiya. Yanzu da kika samu sarari ki kula da kanki, ki koma kan man nan. Rayuwa tana gabanki.

Ki yafe mini.

Yayarki


Yaya,

Haƙuri da godiya. Ina fata kun huta gajiyar hanya, kuma abinci ya fara shiga. Ki gaishe da yara. Ni lafiyata ƙalau, wannan karon da gaske nake faɗa. Yau sati uku da rasuwar, na ɗage gadon, na share ɗakin, shugabar makaranta ta ce in koma aji wata mai kamawa.

Ki kwantar da hankalinki, dangi ba za su ji komai daga bakina ba. Ki wanke wa Gwaggo, ki wanke wa kowa, hoton ya yi kyau. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Yaya Babba, na ajiye miki shi don rabonki ne.

Kin ce da na tara maƙwabta. Na tara, ranar Larabar da aiki ya riƙe ki. Maza huɗu suka zo da kujera. Ta yi ta ihu tana kiran ɗanta, tana cewa za a sace ta. Babban cikinsu ya ajiye kujerar ya ce ba zai sa hannu a jikin tsohuwa tana kiran ɗanta haka ba, a jira ɗan.

Kwana huɗu na ƙarshe Inna ba ta san ni ba. Ta sa na sauko mata da firam ɗin, ta ɗora shi a ƙirji ta riƙe da hannun mai lafiyar. Tana kallon yarinyar nan mai hasken goshi tana ce mata Auta, tana yi mata hira, tana tambayarta ko ta ci abinci. In na sunkuyo zan juya ta sai ta dubi fuskata ta tsorata ta ce, "Ke wace ce mai baƙin ido? Ina Autata, me kika yi mata?" Na ce, "Inna, ni ce." Ta ce, "Ƙarya kike, ga 'yata nan," ta buga gilashin da yatsa. Ta daina karɓar ruwa a hannuna, wai ba ta san abin da na sa a ciki ba. Leɓenta ya bushe ya tsage, kofi yana hannuna.

Ranar Alhamis na buɗe hodarki. Na tsaya a banɗaki na lafta ta a ƙasan idona, hawaye yana wanke ta ina ƙarawa, har ta zauna. Na shigo da kofin ina murmushi irin na hoton. Ta daɗe tana dubana, ta dubi firam, ta sake dubana. Ta ce, "Kin ɗan yi kama da ita, amma ba ke ba ce." Ta kau da kai.

Juma'a da hantsi ta kira ni da hannu, na sa kunnena a bakinta. Ta ce, "Baiwar Allah, na gode da ɗawainiya. In Auta ta dawo ki ce mata na jira ta." Maganarta ta ƙarshe ke nan. Wata goma sha biyar ina juya matar nan, ta tafi tana zaton na gudu na bar ta da baƙuwa. Kin nemi in yafe miki. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan iya.

Kin damu da idona, ga labarinsa. Yanzu ina barci awa tara, wata rana goma, ba mai kirana. Ba kokwamba, ba cokali, man ma ban san inda na jefa shi ba. Jiya maƙwabciya ta ce na yi kyau, sai na sayo madubi na rataye. Baƙin ya tafi, saura ɗan kaɗan a gefen hanci. In matan shagonku sun tambaye ki magani mai ci, ki ce kin gwada shi a kan ƙanwarki, sati uku yake ɗauka, sai dai sai an rasa uwa tukuna.

Na yi kama da ta cikin firam ɗin yanzu sosai. Da yau ne, da Inna ta karɓi ruwan.

Kada ki amsa takardar nan.

Auta